Abin da na gani a aikin kai intanet makarantun karkara

Na yi aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke samun tallafi daga ƙasashen waje, aikinmu shi ne kai kwamfutoci da intanet makarantun da ba su da su. Ni ba wani babba ba ne a wurin, ni ne dai wanda ake turawa ya hau kwano ya ɗaura faifan sola, ya ja waya, ya saita wifi, sannan ya yi wa malamai bita kafin a wuce makaranta ta gaba. Toh tunda yanzu duk inda ka juya maganar kenan, a haɗa kowa da intanet, na ga ya kamata in faɗi abin da idona ya gani, don abin da ake rubutawa a rahoto daban, abin da ke faruwa bayan motarmu ta juya kuma daban.

Matsalar dai ba ƙarama ba ce. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato ITU, ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 2.6 ne ba sa amfani da intanet, kusan ɗaya cikin uku na mutanen duniya kenan. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 cikin 100 suna kai, a Afirka kuwa kashi 38 ne. Wannan lissafin shi ya ja ni cikin aikin kuma har yau ina ganin aiki ne da ya cancanci a yi shi da gaske, don yaron da bai taɓa kwamfuta ba gobe da shi za a nemi gurbin karatu da aiki ɗaya da wanda ya tashi da ita a gida.

Ranar da ake buɗe ɗakin kwamfuta wallahi daɗi gare ta, yara na turereniya a taga, malamai sun sha kwalliya, a ɗauki hotuna a aika wa masu tallafi, kowa ya tafi da farin ciki. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Da na koma wata makaranta bayan 'yan watanni sai na tarar da ɗakin a kulle da ƙaton kwaɗo, sai da aka je neman makulli wajen hedimasta, da aka buɗe ƙura ta rufe kibod ɗin har kana iya rubutu da yatsa a kai, batiran sola biyu sun kumbura, data ta ƙare tun tuni don kuɗin wata shida kawai aka biya, faswod ɗin wifi kuma malami ɗaya ne ya san shi, shi ma an yi masa canjin wurin aiki. Na tambayi hedimastan me ya sa ya kulle, ya ce min, ɗana ni na sa hannu na karɓi kayan nan, in ɗaya ta lalace ko ta ɓata wa za a tambaya? Kuma gaskiyarsa ne fa. Babu wanda ya ce masa in ta lalace ga inda za ka kai, ga wanda zai biya. An ba mutum doki ne ba a ba shi harawa ba.

Daga baya da na fara bibiyar tarihin irin waɗannan shirye-shiryen sai na ga ashe abin ya daɗe. A 2005 wani farfesa ɗan Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin One Laptop per Child, kowane yaro laftof ɗinsa a kan dala 100, aka nuna samfurin a babban taron duniya kan fasahar sadarwa da aka yi a Tunis a shekarar, har mariƙin da ake juyawa don yin caji ya karye a hannun Kofi Annan, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, a gaban 'yan jarida. Farashin ma bai tsaya a 100 ɗin ba, ya kusa ninkawa. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a sakamakon lissafi da karatun yaran ba. Uruguay kuwa da irin wannan laftof ɗin ta fara shirinta na Ceibal a 2007, sai dai su gwamnati ce ta ɗauki abin a wuyanta, ta kai intanet makarantu, ta tanadi gyara, ta horar da malamai, ta sa shi a kasafin kuɗi duk shekara, shi ya sa da korona ta rufe makarantu a 2020 suna cikin waɗanda suka koma karatu ta intanet ba tare da sun sha wahala sosai ba. Na'ura iri ɗaya ce fa, abin da aka kewaye ta da shi ne ya bambanta.

Abu na biyu da ya ba ni mamaki, a yawancin wuraren da muka je akwai sabis. Kana ɗaga waya za ka ga netwok, wani wurin ma har 4G. Ni da na ɗauka rashin sabis ne babbar matsalar. Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya GSMA ita ma abin da alƙalumanta ke nunawa kenan, waɗanda ke zaune inda sabis ɗin intanet na waya bai kai ba kwata-kwata ba su kai kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya ba, amma waɗanda sabis ya kai musu kuma ba sa amfani da shi sun haura biliyan 3. Dalili kuwa babbar waya ta fi ƙarfin aljihunsu, data na cin kuɗi, wani bai iya karatu ba, wani ya iya amma abin da ke ciki duk ba da harshensa ba ne, wani kuma tsoron 'yan damfara yake. Hukumar Broadband Commission da ITU da UNESCO suka kafa a 2010 ta sa ma'auni cewa kada kuɗin intanet na wata ya wuce kashi 2 cikin 100 na matsakaicin kuɗin shigar mutum, kuma ƙasashe matalauta da yawa har yanzu ba su sauko nan ba.

Sai maganar mata, wannan kam ta tsaya min a rai. In muka kira bita da yamma maza ne ke cika ɗakin, malamai mata in sun zo ma suna can baya, linzamin kwamfuta ba ya zuwa hannunsu har a tashi. Rahoton GSMA na 2024 ya ce a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, yiwuwar mace ta yi amfani da intanet a waya ta gaza ta namiji da kashi 15 cikin 100, ni kuma a ɗakin nan na ga yadda abin ke farawa. Da muka ware musu lokacinsu daban muka samo mace ta koyar, sai ga wata malamar kimiyya da ba ta taɓa magana ba ita ce ta fi kowa saurin kamawa, ta ce min, malam ai ba wuya abin ke da shi ba, wuri ne ba mu samu ba. Daga baya ita ke koya wa sauran.

Manyan kamfanoni ma sun gwada nasu. Loon na Google, balan-balan da ke shawagi a sama yana ba da intanet, ya fara aiki a Kenya a 2020, a farkon 2021 aka rufe shi don kuɗin gudanarwa ya ƙi saukowa. Facebook sun ajiye Aquila, jirginsu mara matuƙi da suka so ya riƙa ba da intanet daga sama, a 2018, shirinsu na Free Basics kuma Indiya ta hana shi a 2016 saboda wasu zaɓaɓɓun shafuka kawai yake buɗewa kyauta, kuma ni ina ganin Indiya ta yi daidai, talaka ma cikakken intanet ya kamace shi. Igiyoyin ƙarƙashin teku irin su Equiano da 2Africa mai tsawon kilomita 45,000 suna da amfani ƙwarai, amma a bakin teku suke sauka, daga nan zuwa ajin da yaro ke zaune akwai sauran tafiya mai nisa. Wanda na fi ganin hankali a cikinsa shi ne Giga na UNICEF da ITU da aka fara a 2019, don su sun fara ne da gano inda makarantun suke a taswira da kuma wacce ke da intanet wacce babu, mu kanmu mun sha zuwa makarantar da takarda ta ce tana da intanet mu tarar ba komai.

Abin da ya yi mana aiki a ƙarshe ƙananan abubuwa ne. Muka fara saka wata 'yar kwamfuta Raspberry Pi wadda ba ta wuce tafin hannu ba, a loda mata manhajar Kiwix mai ɗauke da Wikipedia da manhajar Kolibri mai darussa, tana watsa su ta wifi ko babu data ko kaɗan, toh ko kuɗin wata ya yanke yara na da abin karantawa. Muka daina barin faswod a hannun mutum ɗaya. Muka rubuta wa hedimasta takarda cewa lalacewar kaya a wajen amfani ba laifinsa ba ne, wannan takardar kaɗai ta buɗe ɗakuna da yawa. Sannan muka ɗan kwaikwayi abin da mutanen ƙungiyar Zenzeleni suka yi a Mankosi ta Afirka ta Kudu da na Rhizomatica a Oaxaca ta Meziko, inda mutanen gari da kansu ke mallakar netwok ɗin suna tafiyar da shi. A wata makaranta muka samu wani matashi mai gyaran waya muka koya masa saita na'urorin da duba sola, kwamitin iyaye kuma suka yarda a riƙa sayar wa mutanen gari da lokacin wifi bayan an tashi makaranta, abin da aka tara a biya kuɗin wata a ba shi ɗan hasafi. Wannan makarantar ta ci gaba da aiki bayan tallafin ya ƙare, in abu ya tsaya shi ke kirana ta waya mu warware tare, wani lokacin ma kafin in ɗauka ya riga ya gano.

Inda muka maƙale har yanzu shi ne batir. Na sola irin wanda muke sakawa 'yan shekaru yake yi ya mutu, zafi kuma na ƙara rage masa kwana, kuɗin wifi na yamma yana biyan data amma ba zai sayi sabbin batira ba, masu tallafi kuma sun fi son buɗe sabon ɗaki a kan canza batirin tsoho, don sabon ɗaki shi ake ƙirgawa a rahoto. Yanzu duk takardar neman tallafi da aka ba ni in duba sai na nemi a ware kuɗin canjin batir da alawus ɗin mai gyara na aƙalla shekara biyar ko da za a rage yawan makarantun, wasu sun fara yarda, da yawa kuma har yanzu layin da suke fara gogewa kenan.