Ido ya ja gaba, hannu ya bi

Abin da ya fara sauya mini salon zane wata 'yar dabara ce: in kafa ido a kan abin da nake zanawa, in hana kaina kallon takarda har in gama. Da tafin hannuna na hagu na fara. Ido na bin gefen yatsa sannu a hankali, fensir na tafiya tare da shi, ba ɗagawa, ba gogewa. Zanen ya fito a karkace, amma layukansa na da wani rai da ban saba gani ba idan na yi aiki da taka-tsantsan.

Daga baya na gane dalili. Ƙwaƙwalwa tana da siffofin da ta adana tun muna yara: ga yadda ido yake, ga yadda hanci yake. Da ka sakar mata ragama, abin da ta sani za ta zana maka, ta ƙyale abin da ke gabanka. Shi ya sa nake juya hoto, kansa ya koma ƙasa, kafin in kwaikwaye shi. Fuska sai ta tashi daga fuska, ta zama lanƙwasa da inuwa kawai, hannu kuma ya samu sarari.

Fentin ruwa ya fi koya mini haƙuri. Idan ka jiƙa takarda ka ɗiga launi, shi zai zaɓi inda zai malala. Ka ce sai ka gyara shi da buroshi kafin ya bushe, sai launukan su dagule su koma taɓo. Yanzu ina ɗigawa in janye hannu.

Ba ni na fara wannan ba. Wajen 1924 André Masson a Faransa yana barin alƙalami ya yi ta yawo a takarda ba tare da shiri ba, sannan ya dubi layukan ya fito da siffofin da ya hango a ciki. Daga 1947 Jackson Pollock a Amurka ya riƙa shimfiɗa ƙyallen zanensa a ƙasa yana zuba fenti yana zagayawa.

Matakin Masson na biyu shi na fi riƙewa. Lokacin da hannu ke gudu ba na yanke hukunci. Sai washegari nake baza takardun, in ware wanda ke da abin ci gaba, in ƙara duhu nan, in bar fari can. Yawancinsu ba sa zuwa ko'ina, kuma sanin haka tun farko ne ke sa kafaɗata ta saki idan na ɗauki gawayi.