Agogo mai cin caji da agogon da muka saba: abin da na gani a shagon ɗinki

Tun da na fara ɗaura agogon nan mai fuska irin ta waya, da wuya mai kawo ɗinki ya zauna a bencin shagona bai tambaye ni ko ya ci kuɗinsa ba. Ni tela ne a Garwa ta Kamaru, kusa da babbar kasuwa. Kafin wannan, shekara da shekaru Casio baƙi ne a hannuna, F-91W ɗin da kowa ya sani, wanda aka fara fitarwa a 1989 kuma har yau bai sauya kama ba. Amsar da nake bayarwa ba ta yi wa masu sayarwa daɗi, dattawa ma ba ta gamsar da su: yana da amfani, amma ba wajen duba lokaci ba.

Nawa matsakaici ne, jaka 25 na saye shi. Na Apple ko kallonsa ban yi ba. Ba tsada kaɗai ba, ba ya aiki sai da iPhone, mu kuwa a nan Tecno da Itel da Infinix ne a aljihun yawancinmu.

Inda ya biya ni shi ne wajen kira da saƙo. Duk wanda ya taɓa zama shagon ɗinki ana saura kwanaki Sallah ya san ko ganga aka buga a aljihunsa ba zai ji ba: kekuna na gudu, injin sirfani na ruri, yara na gardama kan wa ya ɗauki almakashi. Da can sai dare nake tarar da kiran da na rasa, wata Hajiya ta riga ta yi fushi ta kai atamfarta wani shago. Yanzu hannuna ne ke rawa, in kalli suna, in san ko na tsayar da keke ne ko na bari sai an jima. Haka kuɗi. Mutum ya ce ya turo ta Orange Money ko MoMo, ba sai na ajiye yadi na laluba waya ba, saƙon na fitowa a wuyan hannuna, in ce masa ya shigo, ɗauki kayanka. Wannan kaɗai ya mayar mini da jaka 25 ɗina. Sai dai a lura, duk wannan aikin waya ce ke yin sa. Agogon ɗan aikenta ne kawai. In na manta waya a gida, ko na yi nisa da ita igiyar Bluetooth ta yanke, sai ya koma agogo kamar kowane, wanda ma bai kai Casio iya aikinsa ba, don sai ka ɗaga hannu ko ka taɓa shi fuskar ke haske, a tsakar rana kuwa sai ka kare da tafin hannu kafin ka ga lamba.

Sai batun caji, wanda shi ne ainihin rigimar. Casio batir ɗinsa ɗan ƙwaya ne, kamfanin ya ce yana kai kusan shekara 7, in ya mutu ka ba mai gyara dala ɗari ya canza maka kana tsaye. Abin da ke cikinsa ɗan dutsen kwaz ne da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, ba ya cin komai, dabarar da Seiko suka fara sayarwa a agogon hannu tun 1969. Agogon zamani kuwa fuska mai haske gare shi, da fitilu, da hulɗa da waya dare da rana. Apple da kansu awa 18 suka yi wa nasu alkawari lokacin da ya fito a 2015. Nawa da yake bai da tarkacen ayyuka da yawa yakan kai wajen mako. To amma mu wutarmu ta arewa da madatsar Lagdo ta dogara, in ruwan Binuwai ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Ranar da aka kawo, waya na layi, fitila na layi, fankar caji na layi, ga agogo ya zo shi ma yana neman rami. Akwai asubahin azumin da na dogara da shi ya tashe ni sahur, ashe ya mutu cikin dare, ladan ne ya cece ni.

Zafi ma na cin sa. Batirin lithium ba ya shiri da rana, Apple ma sun rubuta cewa nasu ya fi jin daɗin aiki ƙasa da digiri 35. Garwa a watan Maris da Afrilu kuwa 40 ba labari ba ne. Bayan bazara guda na lura mako ya koma kwanaki, kuma ba batir ne da ake ɓalle murfi a canza ba. Na kai wa dattijon da ke gyaran agogo a bakin kasuwa, mutumin da ke warware Seiko 5 gunduwa-gunduwa ya mayar, ya juya shi ya miƙo mini.

"Wannan ba nawa ba ne, ɗana. Kai wa masu waya."

Masu waya kuma suka ce manne yake da gam, in sun buɗe ba su lamunce ruwa ba zai shiga ba. Ga mai alwala sau biyar a yini wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ko ba a buɗe ba ma, cire shi nake yi kafin alwala, don ana ɗaure shi tamau ne ya manne da fata, ruwa ba ya ratsawa ƙarƙashi. Madaurin roba da gumi kuma sun taɓa fesa mini ƙuraje, sai da na sauya na zare. Abu ɗaya da zan roƙi duk mai irinsa: ya kashe saƙonni kafin ya shiga sahu. Hannu na zuga kana ruku'u, zuciya ta tafi tunanin wa ya turo.

Ƙirgen taku dariya ya ba ni. Yini guda ina zaune kan keke, ina jan yadi ina turawa, da yamma ya taya ni murna wai na cika taku 10,000. In na hau babur kan hanya mai gargada ma lissafi yake. Motsin hannu yake ji, ba tafiya ba. Shi kansa adadin 10,000 ɗin daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a shekarun 1960. Duk da haka ba zan ce bai yi mini komai ba. Tela zama ke kashe shi, kuma tsikarin da yake mini in na daɗe ban miƙe ba ya sa na koma zuwa masallaci mai nisa da ƙafa.

Wurin da nake ɗaga murya shi ne lafiya. Koren hasken da ke bayan agogon aikinsa ƙirga bugun zuciya: jini na shanye koren haske, to yawan hasken da ke dawowa na sauyawa da kowane bugu. Wannan gaskiya ne, kuma nawa in ina zaune yana zuwa kusa da abin da na ƙirga da yatsa. Amma kasuwa ta cika da na jaka 5 da jaka 6 masu cewa suna auna hawan jini da suga. Baffana mai ciwon suga ya zo da irinsa yana murna, wai ya huta da huda yatsa.

"Baffa, ku ba ni shi in gwada," na ce.

Na ɗaura shi a kan dunƙulen shadda. Ya yi 'yan walƙiyarsa, ya kawo bugun zuciya, ya kawo suga, duk lafiya lau. Baffa ya yi shiru, can ya ce, "Ashe shaddar taka ta fi ni lafiya." Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a Fabrairun 2024 cewa kada a dogara da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, don ba ta amince da ko ɗaya ba. Mutum ya ga lambar ƙarya ya rage magani, ina aka dosa? Baffa ya koma na'urarsa ta farmasi, agogon kuma jikansa ke wasa da shi.

Yanzu rabon aiki na yi musu. Na zamani na shago ne, musamman lokacin ɗinkin Sallah da bukukuwa. In tafiya ta kama ni Marwa ko Kusiri, ko zan je ƙauye inda ba tabbas na wuta, Casio nake ɗaurawa. Ranar Juma'a da babbar riga kuwa agogon ƙarfe da mahaifina ya bar mini, wanda motsin hannu ke ba shi rai, ba batir ba caji.

Wanda hannunsa ke cikin aiki kullum, kamar direba ko mai awo ko tela irina, ya saya, amma matsakaici mai riƙe caji kwanaki. Wanda wayarsa ke tafin hannunsa yini guda, ya riƙe kuɗinsa. In za ka saya, ka sa a haɗa shi da wayarka a gaban mai shago, ka ɗora shi kan tebur ka ga ko zai ba tebur bugun zuciya, sannan ka tambaya ko ana samun abin cajinsa daban. Kowane iri da nasa maganaɗisu, kuma na san mutum biyu a layinmu da agogonsu ke kwance a aljihun tebur lafiyarsa ƙalau, igiyar caji ce kawai ta ɓata.