Daga Alƙahira zuwa Dutsen Musa

Motarmu ta bar Alƙahira tun gari bai waye ba, muka nufi gabas. A wannan hanya ta ƙarƙashi ake haye mashigin ruwa na Suwes, ta ramin Ahmed Hamdi. Ka shiga daga Afirka, 'yan mintoci kaɗan ka ɓullo a Asiya. Daga nan titi ya karkata kudu, teku a dama, rairayi da duwatsu a hagu, babu wani kore da ido zai sauka a kai.

Mun fara yada zango a Uyun Musa, wasu tsofaffin rijiyoyi ne da 'yan itatuwan dabino. Al'adar masu ziyara ta ce nan ne Mara, inda Isra'ilawa suka tarar da ruwa mai ɗaci. Fasto ya buɗe Fitowa sura 15 ya karanta mana a tsaye. Kwana uku ne kacal tsakanin waƙar nasara a bakin Bahar Maliya da gunagunin ƙishirwa. A majami'a muna saurin yanke wa mutanen nan hukunci, mu ce sun cika butulci. Wanda ya tsaya a ranar wurin nan da gorar ruwa a hannu, ya tuna su da yara da tsofaffi da dabbobi suke tafe, zai sassauta harshe.

Bayan mun bar bakin teku mun shiga cikin duwatsu, hira ta koma kan manna, abincin da Allah ya riƙa saukar wa Isra'ilawa a jeji. Ƙa'idarta kowa ya sani: mudu ɗaya ga kowane mutum, a tattara da safe, kada a bar saura. Waɗanda suka ɓoye, washegari suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Ranar shida kaɗai ake ɗibar ninki biyu saboda Asabar. Haka aka yi shekara 40. Wata dattijuwa da dukanmu muke kira Mama ta ce ita ba ta ga laifin masu ɓoyewa ba.

"Fasto, duk wadda ta taɓa kwantar da yara ba ta san abin da za ta ɗora gobe ba, ta san dalilinsu."

"Gaskiya ne, Mama," in ji shi. "Amma ku duba, ko da suka ɓoye, washegari ba a hana su sabuwa ba."

Wannan amsa ta zauna mini. An fi wa'azin tsutsar, ba a cika ambaton cewa mai ɓoyewa da mai biyayya duk sun fita da safe sun tarar da abinci a ƙasa ba.

A kujerar da ke bayana akwai wani saurayi da bai sa baki ba. Tun a filin jirgi na ji labarinsa: an rufe wurin aikinsu, matarsa na da ciki, wani kawunsa ne ya biya masa kuɗin tafiyar. Ya ce ya zo ne ya ji daga bakin Allah abin da zai yi, kuma a kan dutsen yake sa ran ji.

Mun ratsa Wadi Feiran, kwari mai yawan dabino da ake dangantawa da Refidim, ɗaya daga cikin zangon Isra'ilawa a jeji, muka isa garin Santa Katarina da yamma. Wurin ya haura mita 1,500 daga doron teku, rana na faɗuwa sanyi ya sauko kamar an buɗe masa ƙofa. Aka ce mu ci abinci mu kwanta, za a tashe mu bayan tsakar dare.

Ba a barin kowa ya hau babu ɗan jagora, kuma jagororin duk Jabaliya ne, wato Badawin wannan dutse. Musulmi ne, kuma tarihinsu ya ce kakanninsu ne sarkin Rumawa Jastiniyan ya aiko a ƙarni na 6 su tsare gidan sufayen da ke gindin dutsen. Namu siririn mutum ne da silifas a ƙafa, ba ya ko kunna tocila. Muka bi hanyar raƙuma, wadda take hawa a karkace, ta fi tsawo amma ta fi sauƙi. Sai gardama ta tashi: wasu suka ce wanda ya hau raƙumi ya rage wa kansa albarkar hawa. Fasto ya ce bai taɓa ganin inda aka rubuta haka ba. Mama ta hau abinta, tana ta kiran sunan Yesu duk lokacin da raƙumin ya matsa bakin gangare.

Cikin duhu ba ka ganin dutsen da kake hawa. Sai dai jerin fitilun waɗanda suka riga ka, can sama, har ka rasa bambance su da taurari. Akwai rumfuna a kan hanya inda ake sayar da shayi, ana ba da hayar bargo. Duk wanda ya tambayi ɗan jagora saura nawa, amsarsa ɗaya ce: rumfa ta gaba ba nisa. Bai taɓa yi mana ƙarya ba, bai kuma taɓa gaya mana duka ba. Ina ganin ya san aikinsa. Da ya nuna mana tsayin abin tun daga ƙasa, da wasunmu sun koma gado.

Inda hanyar raƙuma ta ƙare, saura matakala kusan 750 na dutse, kuma nan babu dabbar da take hawa. Mama ta sauka, samari biyu suka riƙe ta hagu da dama.

Ƙololuwar tana da tsayin mita 2,285. Akwai ƙaramar majami'a da aka gina a 1934 a kan kufan wata tsohuwa, ga masallaci kusa da ita. Abin da ban yi tsammani ba shi ne cunkoso. Mutane ko'ina, kowa lulluɓe da bargo, wasu na waƙa da harsunan da ban san su ba, wasu na neman wurin ɗaukar hoto. Rana ta fito, duwatsun suka yi ja, muka yi addu'a, muka rera waƙa ɗaya da haƙora suna karkarwa. Kyan wurin ba a magana. Na waiwaya na ga saurayin nan zaune shi kaɗai a kan wani dutse. Da muka haɗa ido ya girgiza kai.

Da saukowa muka rabu biyu. Tsofaffi suka koma ta hanyar raƙuma, mu kuwa muka bi matakalar tuba, wadda sufaye suka jera da hannu, kusan 3,750 gaba ɗaya har ƙasa. Kafin a shiga gangaren sosai akwai wani fili a tsakanin duwatsu, da ɗakin sujada da wani dogon itace tsoho. Filin Iliya ake ce masa. Nan Fasto ya ce mu zauna, ya buɗe 1 Sarakuna sura 19, kuma nan ne na fi jin daɗin tafiyar duka.

Labarin annabi Iliya ne, mutumin da ya gaji. Jiya-jiya wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel saboda addu'arsa, yau sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazana ya gudu. Ya bar baransa a Biyasheba, ya shiga jeji, ya kwanta a gindin itace ya ce ya isa haka, a ɗauki ransa. Mala'ika bai yi masa faɗa ba. Ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sāke tashinsa ya ci. Sannan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, wato dutsen da Musa ya hau. Iska ta farfasa duwatsu, ƙasa ta girgiza, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikin ko ɗaya. Sai wata 'yar siririyar murya. Yawancin wa'azi nan yake tsayawa, amma Fasto ya ci gaba da karatu. Muryar ba ta bayyana wa Iliya dalilin wahalarsa ba, ba ta kuma ce Yezebel ta fasa ba. Cewa aka yi ya koma ta hanyar da ya zo, ya keɓe Hazayel da Yehu su zama sarakuna, Elisha kuma ya zama magajinsa. Aka kuma gyara masa lissafi: yana cewa shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba. Ya yi doguwar tafiya neman amsa, aka ba shi aiki da abokin tafiya.

Masana ba su yarda baki ɗaya cewa wannan ne ainihin dutsen da Musa da Iliya suka hau ba, wasu na nuna wasu wurare. A zaune a filin nan hakan bai dame ni ba.

Gwiwoyi suna rawa muka isa gidan sufayen Santa Katarina, wanda safiya kawai yake buɗewa ga baƙi. Ganuwarsa ta zamanin Jastiniyan ce, kuma tun lokacin ba a daina addu'a a cikinsa ba. Sufayen Otodoks na Girka ne. Aka nuna mana kurmin da suke cewa zuriyar wanda Musa ya gani yana cin wuta ne, da rijiyar da ake dangantawa da haɗuwarsa da 'ya'yan Yetro, wanda daga baya ya zama surukinsa. A cikin harabar akwai masallaci tun zamanin Fatimiyawa. Daga laburarensu ne aka samo ɗaya daga cikin tsofaffin kwafin Littafi Mai Tsarki na Helenanci, na ƙarni na 4, wanda mafi yawansa yanzu yana Landan. Ba mu daɗe ba, direba yana ta danna ham.

A mota kowa ya yi laƙwas. Mun kama hanyar Nuweba na ji saurayin ya matso kusa da Fasto.

"Baba, ni fa ban ji komai ba a sama."

"Ka ci wani abu tun jiya?"

"A'a, Baba, azumi nake."

Mama ta miƙo masa gurasa da gorar ruwa daga jakarta. Fasto ya ce ya karɓa, ya ci, ya yi barci. Ya ƙara da cewa akwai mutum biyu a motar nan da suke ɗaukar ma'aikata, in mun sauka zai haɗa shi da su, ya tabbata takardunsa suna shirye kafin Litinin.