Laraba, ni da Auta kan maganar bidiyo

Yau da wuri na tashi, na jiƙa sandal da hawi tun kafin yara su tafi makaranta. Rana ta buɗe sosai, kajijin da na shanya ya bushe ƙarau. Maman Biyu ta aiko a karɓar mata humra, kuɗi a hannu, babu "zan turo anjima". Raina fes.

Bayan azahar Auta ya zo da fitilarsa da ƙafar ɗora waya, za mu ɗauki bidiyon haɗin turaren amare. Yaron ya iya, Allah ya yi masa albarka. Hannuna kawai ya ɗauka, kamar yadda muka saba, ina zuba narkakken sukari a kan itacen, ya matso da wayar har ana ganin yadda yake kama jikinsa yana sheƙi. Sai da muka zo kan inda za a ɗora shi muka saɓa.

"Yaya, TikTok kawai. Mu yanka shi gajere. Can ko ba ki da mabiyi ko ɗaya za su tura ki gaban dubban mutane. YouTube kuwa sai kin tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin su fara raba kuɗin talla da ke. Yaushe za ki kai?"

Na ce masa ni ba kuɗin tallarsu nake nema ba, mai sayen turare nake nema. Matar da ta zauna ta rubuta "yadda ake haɗa turaren wuta" a wurin bincike, da niyyarta ta zo, ƙila bikin ƙanwarta ya matso. Wadda take jan allo da yatsa tana jiran shinkafa ta tsotse, ta ga hayaƙina ta danna zuciya ta wuce, ba lallai ta tuna sunana gobe ba. Kuma abin da aka ɗora a YouTube yana nan, bayan shekara biyu ma bincike zai iya fito da shi, ga lambar wayata a ƙasa. Shi ya sa na gaji da dogaro da sitatus na WhatsApp: awa 24 ya ɓace, kuma sai wadda muke da lambar juna za ta gani. Waɗanda suka riga suka san ni nake ta yi wa talla.

Ya kawo maganar data, kuma a nan yana da gaskiya. Tun da aka ƙara kuɗinta da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, mace sai ta yi lissafi kafin ta buɗe bidiyon minti goma. Na amsa masa wannan. Sai ya ajiye wayar ya ce, "To amma Yaya, ke fa turare kike sayarwa, ba makaranta kika buɗe ba. In kin koya musu haɗin, wa zai saya?"

Maganar nan ita ta hana ni sakat har yanzu da nake rubutun nan. Na ba shi amsa a take, na ce Inna ta koya wa rabin matan unguwarmu kuma ba ta taɓa rasa ciniki ba, domin wadda ta ga wahalar tsayuwa a kan wuta da tsadar farce da miski, yawanci cewa take a haɗa mata kawai. Ya yi shiru. Amma da ya tafi sai na riƙa juya abin. Inna tana ganin fuskar duk wadda ta koya wa, ta san gidansu, ta san wadda za ta riƙe amana. Ni kuwa zan miƙa abin da ta bar min ga mutanen da ban san su ba, wata ta kwafa ta sa sunanta. Har na ji ƙwalla ta taru min ina wanke tukunyar sukari.

Wani abin kuma, duk dandalin nan gidan haya ne. A 2021 gwamnati ta rufe Twitter a ƙasar nan wata bakwai. Indiya ta haramta TikTok tun 2020, masu sana'a a kansa suka wayi gari babu. A Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke wajen awa shida a lokaci guda. Don haka na ce wa Auta asalin kowane bidiyo ya zauna a memori, lambobin masu saye kuma ina rubuta su a littafina.

Abin da muka tsayar: dogon ya tafi YouTube, ya yanko gajeru ya sa a TikTok da Instagram, inda masu haɗa lefe suka fi yawa, kowanne ya nuna hanyar zuwa dogon. Ma'aunin kayan ne ban yanke ba, ko in faɗa a ciki ko in bar shi. Na ce kada ya ɗora komai sai na yi magana da Anti, ita ma a hannun Inna ta koya, tana da haƙƙi a ciki.

An ɗauke wuta da magariba. Tuwo da miyar kuka. Maigida ya ce in daina sa abu a rai. Gobe Kasuwar Kurmi, kwalabe sun ƙare.