Ni dai ku bar ni da labarin da ba ya sauri

Jiya da daddare bayan an ɗauke wuta nan unguwarmu Aboabo da ke Kumasi ta ƙasar Gana na ƙarasa wani nobel da na fi wata biyu ina bi a gurup ɗinmu na WhatsApp, feji wajen tamanin kafin saurayin ya iya buɗe baki ya ce yana sonta. Wasu a gurup har sun fara mita wai marubuciyar tana ja mana rai ga data na ƙarewa. Ni kam wallahi da na zo wurin kife wayar na yi a ƙirji ina hawaye.

Ni ruwa biyu ce. Babana Kwara ne ɗan Labanon, shagon yadi gare shi a Adum, Allah ya yi masa rasuwa ina da shekara shida, mamana kuma 'yar zango ce gaba da baya. In na shiga kasuwar Kejetia sai ka ji obroni obroni, wato baturiya, ta ko'ina, in na dawo unguwa kuma 'yar Kwara, har yau akwai tsofaffin da sun ga haihuwata amma ba su riƙe sunana na yanka ba.

Tun ina ƙarama nake karanta littattafan soyayyar Kano, waɗanda suka bazu tun shekarun 1980, yayyenmu na aro muna ɓoyewa mu karanta. Kuma irina ta cika su fa. Fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, kamar balarabiya. Ya hango ta sau ɗaya a bakin titi shikenan barci ya ƙaurace masa, feji na uku ana zancen aure. To me ya gani? Fata ya gani. Babu mai rubuta yadda mama ke fama da gashin nan, a yi kitso ran Juma'a kafin Lahadi ya warware, ko yadda kake zama tsuru a falon dangin uba suna ta Larabci a kanka kai kuwa Larabcin makarantar allo kawai ka sani, ko ranar da dangin saurayi za su fara tambayar asali cikin raɗa.

A takarda ba ni da matsala, tsarin mulkin 1992 ya ce ko ta uwa ko ta uba ko ta kaka kai ɗan Gana ne. Amma ai ko tsohon shugaban ƙasa Rawlings da ubansa ɗan Sikotilan ne uwarsa 'yar ƙabilar Ewe sai da aka kai shi kotu kan zancen ɗan ƙasa lokacin zaɓen 1992, balle ni.

Shi ya sa labarin da ke tafiya a hankali yake shiga raina. Sai an bar su sun yi gaisuwa ɗari, sun yi faɗa, ya ga fushinta ya ga rowarta ya ga yadda take da kakarta, kyawun ya zama abin da ido ya saba da shi tukuna, sannan in ya ce yana so na yarda da shi.

Maigidana tela ne. Shekara uku yana zuwa sayen koko da ƙosai wurin Hajiya kakata kullum bayan asuba, ni ke ba da canji. Bai taɓa ce min komai kan farina ba, ko sau ɗaya. Abin da ya lura da shi shi ne kullum da littafi a cinyata, sai ya riƙa tambaya, malama yau ina aka kwana a labarin? In na fara ba shi har kokon ya huce a hannunsa. Mahaifiyarsa ta ja da farko, ta ce ba ta san dangin ubana ba, bai yi mata gardama ba, wata takwas ya yi yana lallaɓa ta, ni ban ma sani ba sai bayan biki ƙanwarsa ke gaya min.

Ranar da zai yi magana ba ni ya tunkara ba. Durƙusawa ya yi gaban Hajiya kusa da tukunyar koko ya ce, Hajiya in kin ba ni izini kawuna zai kawo goro ran Asabar. Hajiya ta juyo ta kalle ni, ni kuma na ba shi canjin da ya fi kuɗin da ya kawo.