Shinkafa warara: ashe hannuna ne matsalar

Na daɗe ina ɗora wa shinkafa laifin da ba nata ba wallahi. Ranar da ta caɓe in ce irin shinkafar ce ba kyau, ranar da ta yi garas-garas in ce wuta ce, har tukunya na taɓa canzawa a kan wannan, amma ina, jiya i yau.

Abin da ya sa na nutsu wata rana ce da na yi baƙi. Na auna shinkafa kofi 6 na ce to ai ruwa ninki biyu ake sawa, na zabga kofi 12, na buɗe wuta sosai don ina sauri, kuma duk bayan minti biyu sai na ɗaga murfi na zura ludayi na juya wai kar ta kama. Da na zo kwashewa sama ta zama kamar an dama ta, ƙasa kuma ƙanzo baƙi ƙirin, ga ƙauri ya cika kicin. Baƙin dai suka ci suna cewa ai ba komai, ni kuwa na ga yadda ɗaya daga cikinsu ke yanka ta da gefen cokali kamar sabulu. Kunya kamar in nutse.

Kuskuren farko lissafin ruwan ne. Ita farar shinkafa abin da take sha a zahiri kusan daidai da awonta ne, kofi ɗaya ruwa kofi ɗaya, sauran da ake ƙarawa na tururin da zai tsere ne. Shi kuma tururin nan bai damu da yawan shinkafarki ba, faɗin tukunya da murfi da daɗewa a wuta su ke yanke shi. Shi ya sa kofi 1 yake son ruwa kofi ɗaya da rabi, amma kofi 4 a tukunyata ruwa kofi 5 ya ishe shi. Ni da na ninka komai ai kogi na yi mata. Masu auna ruwa da gaɓar yatsa ma in kin lura dabarar kenan, ruwan da ke saman shinkafa tsayinsa ɗaya ko da yawa ko kaɗan.

Sai wanki, wanda da nake yi a gurguje sau ɗaya in tsiyaye. Farin ruwan nan da ke fita sitaci ne da ya goge a jikin ƙwayoyin tun daga inji da cikin buhu, in kin bar shi shi ke zama gam ya manne su. Yanzu sau 3 ko 4 nake wankewa da ruwan sanyi, a hankali da yatsu ba murza ba, har ruwan ya fara washewa, sannan in zuba a matsami ta tsane sosai, don ruwan da ya maƙale a jikinta ma yana shiga lissafi. In basmati ce ina jiƙa ta minti 20 zuwa 30 tukuna, tana miƙewa zara-zara ba ta karyewa, sai dai a ɗan rage ruwan dahuwa tunda ta riga ta sha.

Kuma fa ba kowace shinkafa ce za ta yi warara ba ko me kika yi mata. Sitacin shinkafa kala biyu ne, amilos da amilofektin. Doguwar ƙwaya amilos ɗinta ya fi yawa shi ya sa take warewa, gajeriya mai ƙiba kuwa ɗayan ne ya rinjaya, danƙo halinta ne, kar ki wahalar da kanki.

To ga inda na fi shan wuya, wato cire hannu. Da ruwa ya tafasa sai in sa gishiri da ɗan mai cokali ɗaya, in juya sau ɗaya tak, in rufe da murfin da ya zauna daram, in mai da wuta can ƙasa yadda da kyar ake jin tukunyar tana ɗan ƙus-ƙus. Minti 15 zuwa 18 ba buɗewa. Farkon da na gwada sai da na fita daga kicin ɗin gaba ɗaya don hannuna ƙaiƙayi yake, zuciyata na ta raya min ta ƙone ta ƙone. Ai duk ɗaga murfi tururin da zai dafa ta sama kike kora, duk juyawa kuma ƙwayoyin kike farfasawa sitaci ya fito, caɓewar kenan. Wadda aka turara tun a masana'anta takan kai minti 20 zuwa 25 kuma ta fi shan ruwa, mai dusa a jiki kuwa sai 40 zuwa 45.

Ko an kashe wuta ba a gama ba. Ina barinta a rufe minti 10, a nan ne damshin ƙasa ke hawa sama komai ya daidaita, wadda ta ɗan kama gindin tukunya ma ta saki da kanta. Wani lokaci ina shimfiɗa tawul mai tsafta a ƙarƙashin murfin ya tsotse gumin kar ya ɗiga mata. Sannan in sa cokali mai yatsu in ɗaɗɗaga ta daga gefe, ba ludayi ba.

In kuma kin buɗe kin ga da sauran tauri ruwa ya ƙafe, kar ki kwara mata ruwa, yayyafa cokali 3 ko 4 na ruwan zafi ki rufe ki ƙara mata minti 5 a ƙaramar wuta. Wadda ta riga ta caɓe kam ban san mata magani ba, na gwada bazawa a faranti ta sha iska, ta ɗan bushe amma caɓaɓɓiya ce dai.