"Tanti, ai ke kika zuba"

Shekara 9 ke nan ina koyar da ƙananan yara a wani jardan da ke unguwar Zariya, nan Maradi, kuma da can ina ganin babu wanda zai faɗa mini sabon abu a kan yaro ɗan shekara 5. Sai bana da na shiga kwas na ƙarin ilimi, aka fara mana darasin hanyoyin bincike, sannan na gane ashe ko tambaya ban iya yi wa yaro ba.

Aikin farko kamar wasa. Malaminmu, wanda muke ce wa Mushe, ya ce kowa ya koma ajinsa, ya zaɓi yaro guda, ya sa masa ido minti 20, ya rubuta abin da ya gani kawai. Ba a sa sunan yaro a takardar bincike, don haka nawa ya zama lamba 7. Na cika shafi biyu na kaye ina jin kaina. Mushe ya karɓa, ya zaro jan bik, ya ja layi a jimlar farko.

"Madam, kin rubuta yana da ƙiriniya. Ƙiriniyar kika gani da idonki, ko kin ga ya tashi daga tabarma?"

Na ce ai duk ɗaya ne. Ya ce in koma in ƙirga sau nawa ya tashi, da ƙarfe nawa, da abin da ke faruwa a lokacin. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma na koma na ƙirga, kwana 3 a jere. Lamba 7 ba ya motsi da safe. Daga wajen ƙarfe 11 yake fara tashi, daidai lokacin da rana ke shigowa ta taga tana dukan inda yake zaune. Wata 4 ina kiran yaro mai ƙiriniya, ashe gasuwa yake yi.

Wannan ƙarami ne a kan abin da ya biyo baya. An koya mana gwajin Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizilan da ya rasu a 1980. Za ka zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, ka tambayi yaro wane ya fi yawa, ya ce ɗaya suke. Sai ka juye guda a wani mazubi dogo siriri a gaban idonsa, ka sake tambaya. Piaget ya ce yawancin yaran da ba su kai shekara 7 ba za su ce na dogon ya fi yawa, domin tsayin ruwan ne ke jan hankalinsu, ba su riga sun gane cewa canjin mazubi ba ya ƙara ruwa ba.

Na ari kofunan shayi biyu na maigida, na samo doguwar kwalba, na gwada yara 12 ɗaya bayan ɗaya. Guda 10 suka ce na kwalba ya fi yawa. Na ce to, Bature ya yi gaskiya, har na fara rubuta rahoto. Sai wata yarinya, lamba 4, mai wayon tsiya wadda ke taya uwarta awon gero da tiya a kasuwa ranar Litinin da Juma'a, ita ma ta ce na kwalba. Abin ya tsaya mini a rai. Yarinyar da ba a cutar uwarta ko da rabin tiya a gabanta? Na ce mata, "Me ya sa ya fi yawa?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi, can ta ce, "Tanti, ai ke kika zuba."

A nan na fara tunanin yadda muke renon ƴaƴanmu. Wane yaron Hausa ne babba zai yi wa tambaya, ya ba da amsa, babban ya sake maimaita tambayar, bai ɗauka amsar farko kuskure ce ba? A gida haka ne, a makarantar allo haka ne, a lakwal ma haka ne. In malam ya ce "sake faɗi", ka san ka yi ɓata. Ni kaina haka nake musu kullum.

Da na kai wa Mushe maganar, dariya ya yi, ya ce an riga ni. A 1974 wasu masu bincike, Rose da Blank, sun yi irin wannan gwaji da jerin abubuwa maimakon ruwa, suka gwada yin tambayar sau ɗaya tak, bayan an canza jerin da ke gaban yaro, sai aka sami ƙarin yaran da suka amsa daidai. A shekarar kuma McGarrigle da Margaret Donaldson a Edinbara suka sa wata ƴar tsana "mai ɓarna" ta hargitsa jerin kamar bisa kuskure, maimakon babba ya yi da hannunsa, nan ma yaran suka fi ba da amsa daidai. Amma wanda ya fi shiga raina na kusa da mu ne. Patricia Greenfield ta yi wannan gwaji na ruwa da yaran Wolof a Sanagal, aka buga sakamakon a 1966. Wasu yaran karkara da ba su shiga lakwal ba sun ce ruwan ya canza ne saboda ita ta zuba shi. Da ta bar su suka zuba da hannunsu, da yawa suka ce ruwan yana nan yadda yake. Maganar lamba 4 ke nan, kusan kalma da kalma, shekara 60 kafin ta faɗe ta.

Washegari na sake tara su, kowa ya juye ruwansa da kansa, na yi tambaya sau ɗaya. Guda 8 suka ce daidai suke. Na tafi aji da murna kamar wadda ta tsinci jika goma. Mushe ya duba, ya ce wannan bai nuna komai ba tukuna. Yaran jiya ne, sun riga sun ga wasan, kuma na canza abu biyu a tare, da mai zubawa da yawan tambaya, to wanne ya yi aikin? Ga su kuma 12 kacal. Ya ce in nemi sababbin yara, in raba su rukuni biyu, in canza abu guda, kuma kada in zaɓa da kaina. Ya kawo mana misalin binciken Perry da aka fara a 1962 a garin Ypsilanti na jihar Mishigan a Amurka: yara 123 na gidajen talakawa, aka raba su da ƙuri'a, wasu suka shiga makarantar share fage wasu ba su shiga ba, aka bi rayuwarsu har suka kai shekara 40. Ƙuri'ar ce ta sa har yau ake ambatonsa. Gaskiya ya faɗa, don da an bar ni, na san waɗanda hannuna zai kai wa ba tare da na yi niyya ba.

Makon jiya na bi gida-gida neman iznin iyayen ajin abokiyar aikina. Wata uwa a Bagalam ta ajiye taɓarya, ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "To Tanti, wane rukuni ne na masu ƙoƙari? Can za ki sa mini nawa." Na ce mata ƙwarya ce za ta zaɓa, lambobi zan naɗe in zuba a ciki. Ta dube ni, ta ce in haka ne ranar za ta zo da kanta ta ga an girgiza ƙwaryar da kyau. Ranar Laraba muka sa.